Rufin asirin da ya cinye yara: yadda Cocin Katolika ya bi da zargin lalata a kan limamansa

A watan Disambar 1984 wani ƙaramin bishop mai suna John D'Arcy ya rubuta wa shugabansa, Akbishop Bernard Law na birnin Boston a Amurka, wasiƙa. Abin da ya dame shi shi ne an sake tura Fada John Geoghan wata sabuwar majami'a, alhali kowa a ofishin ya san tarihinsa da yara maza. Ba a cire Geoghan ba. D'Arcy ne dai, bayan 'yan watanni, aka yi wa sauyin aiki zuwa jihar Indiana. Shi kuwa Geoghan ya ci gaba da shiga gidajen mutane da rigar limanci, yana zaɓar gidajen talakawa da na matan da ke fama da tarbiyyar yara su kaɗai, yana ɗaukar yaran a mota da sunan zai saya musu ayis kirim. Uwa tana murna ɗanta ya sami uba a wurin bawan Allah. Kafin a tuɓe shi daga limanci a 1998 ya zagaya majami'u shida cikin shekara talatin da wani abu, kuma mutanen da suka fito suka ce ya yi lalata da su suna yara sun haura 130.

Na fara da wannan wasiƙa ne saboda a cikinta dukan maganar take. Samun mai lalata da yara a cikin limamai abin takaici ne, amma ba shi ya girgiza duniya ba, domin babu wata sana'a ko addini ko ƙabila da ta tsira daga irin waɗannan mutane. Abin da ya girgiza duniya shi ne manyansu sun sani, sun rubuta a takarda, sun adana takardar a wuri mai makulli, sannan suka ɗauki mutumin suka kai shi inda ba a san shi ba, suka danƙa masa wasu yaran. An ba kura ajiyar nama da sanin cewa kura ce.

Jaridar Boston Globe ce ta fasa ƙwan a ranar 6 ga Janairun 2002. Sabon editanta, Martin Baron, ya sa sashen bincike na jaridar ya bi diddigin shari'ar Geoghan, lauyoyin jaridar kuma suka nemi kotu ta buɗe takardun da coci ya nemi a rufe. Da alƙaliya ta ba da umarni, sai ga wasiƙu na fitowa. Har da wadda Law, wanda a lokacin ya zama kadinal, wato ɗaya daga cikin manyan mashawartan Fafaroma, ya rubuta wa Geoghan a 1996, yana yaba masa cewa ya yi hidima mai albarka, sai dai rashin lafiya ya kawo masa cikas. Rashin lafiya, haka aka kira abin. Kafin shekarar ta ƙare, a ranar 13 ga Disamba, Law ya ajiye muƙaminsa. A 2003 cocin Boston ya amince ya biya diyyar dala miliyan 85 ga mutum 552. A cikin wannan shekarar wani fursuna ya kashe Geoghan a gidan yari. Law kuwa ya koma Roma, inda a 2004 aka ba shi shugabancin Santa Maria Maggiore, ɗaya daga cikin manyan majami'un birnin, kuma a can ya mutu a 2017 ba tare da ya taɓa gurfana gaban kotu a kan tuhumar laifi ba. Waɗanda aka cuta suna yara ba su manta wannan ba.

Da farko an so a ce matsalar Boston ce. Daga baya aka ce ta Amurka ce, ƙasar lauyoyi da son kuɗin diyya. Sai ƙasashe suka dinga buɗe nasu kundin ɗaya bayan ɗaya. Binciken da bishop-bishop na Amurka suka ba Kwalejin John Jay ta yi, wanda ya fito a 2004, ya ƙirga limamai 4,392 da aka zarga tsakanin 1950 da 2002, kusan huɗu cikin ɗari na dukan limaman lokacin, da masu ƙorafi 10,667. A Jamus binciken 2018 ya sami limamai 1,670 da yara 3,677 tsakanin 1946 da 2014. A Ostireliya hukumar bincike ta gwamnati, wadda ta yi aiki daga 2013 zuwa 2017, ta ce bakwai cikin ɗari na limaman ƙasar an zarge su, kuma a wata ƙungiyar 'yan'uwa masu hidima, St John of God, adadin ya kai arba'in cikin ɗari. A Faransa hukumar Jean-Marc Sauvé ta fitar da rahoto a Oktoban 2021 da ya ƙiyasta yara 216,000 a hannun limamai da masu hidima tun 1950, ko 330,000 idan aka haɗa da ma'aikatan coci da ba limamai ba. Ya kamata a lura da bambanci: na Faransa ƙiyasi ne da aka ciro daga tambayar dubban mutane a cikin al'umma, na Amurka da Jamus kuwa ƙidaya ce daga takardun da cocin da kansa ya ajiye. Abin da ya shiga takarda kawai ake iya ƙirgawa.

Tambayar da mai karatu zai yi ita ce: ta yaya abu mai girman haka ya ɓoyu shekara hamsin? Amsar tana cikin tsarin mulkin cocin, kuma sai an fahimce shi ake gane sauran.

Cocin Katolika yana da mabiya kusan biliyan 1.4 da limamai kimanin 400,000, an kasa shi yanki-yanki. Kowane yanki, wanda suke kira dayosis, yana ƙarƙashin bishop guda, kuma a yankinsa bishop shi ne mai zartarwa, shi ne mai kafa doka, shi ne alƙali. Babu wani bishop maƙwabci da yake da iko a kansa. Fafaroma kaɗai ne sama da shi, Fafaroma kuwa yana da bishop fiye da 5,000 a duniya. Ranar da ake naɗa limami yana sa hannuwansa cikin na bishop ya yi alƙawarin biyayya, kuma koyarwar cocin ta ce bishop uba ne ga limamansa. To idan uwa ta zo da kuka cewa Fada ya taɓa ɗanta, wurin wa ta zo? Wurin uban wanda take ƙara, wanda kuma shi ne alƙali, shi ne mai tsaron dukiyar da za a biya diyya da ita, shi ne wanda sunansa zai ɓaci idan magana ta fita. Dokar cocin ma ta tanadi cewa kowane dayosis ya kasance yana da ma'ajiyar sirri ta takardu, mai makulli, wadda bishop kaɗai ke riƙe da mabuɗinta, a nan ake ajiye takardun laifuffukan ɗabi'a. Daga irin waɗannan ma'ajiyoyi ne masu bincike suka zaƙulo yawancin abin da muka sani yau.

Mu Hausawa mun san darajar rufin asiri. Addu'a ce muke yi wa juna safe da yamma, kuma wanda ya rufa wa ɗan'uwansa asiri mutumin kirki ne. Su ma suna da kalmarsu: guje wa abin kunya da zai sa masu rauni su yi tuntuɓe a bangaskiyarsu. Niyyar a baki kyakkyawa ce. Amma rufin asiri yana da sharaɗi, wato kada ya zama akwai wani da ake ci gaba da zalunta a ƙarƙashin mayafin. A nan mayafin bai rufe yaron ba, yaron aka danne da shi. Hukumar da mai shari'a Yvonne Murphy ta jagoranta a Ailan, wadda ta duba yadda cocin birnin Dublin ya bi da ƙorafe-ƙorafe daga 1975 zuwa 2004, ta faɗi abin ba tare da kwana-kwana ba a 2009: har zuwa tsakiyar shekarun 1990 abubuwa huɗu ne suka fi damun shugabannin, riƙe sirri, kauce wa abin kunya, kare sunan coci da tsare kadarorinsa, kuma duk wani abu, har da lafiyar yara da adalci ga waɗanda aka cuta, yana bayan waɗannan. Rahoton ya nuna cewa tun 1987 cocin Dublin ya sayi inshora saboda irin waɗannan ƙararraki. Wanda ya sayi inshora a kan abu ba zai dawo ya ce bai san da abin ba.

A Ailan ɗin dai, a 1975, an kira yara biyu da Fada Brendan Smyth ya lalata, aka yi musu tambayoyi, sannan aka rantsar da su cewa ba za su faɗa wa kowa ba. Limamin da ya ɗauki bayanin, Seán Brady, daga baya ya zama kadinal kuma shugaban cocin ƙasar baki ɗaya. Smyth ya ci gaba da ɓarnarsa kusan shekara ashirin bayan nan, sai a 1994 aka ɗaure shi, kuma jan ƙafar da aka yi wajen miƙa shi ga hukumomin Ailan ta Arewa ya kayar da gwamnatin Albert Reynolds. Wannan ya tuna mana cewa coci bai yi rufa-rufar shi kaɗai ba. 'Yan sanda sun sha mayar da ƙorafi wurin bishop maimakon su bincika, iyaye sun sha mari yaro don ya ambaci sunan Fada da mummunan abu, 'yan jarida sun daɗe suna kawar da kai. Inda malamin addini yake da kwarjinin da ba a iya ɗaga ido a dube shi, kowa ya zama mai gadin sirrinsa ba tare da an ɗauke shi aiki ba.

Babu rahoton da ya zayyana dabarar dalla-dalla kamar na masu taimaka wa alƙali na jihar Pennsylvania, wanda babban lauyan jihar Josh Shapiro ya gabatar a Agustan 2018. Sun duba dayosis shida, suka sami limamai fiye da 300 da yara fiye da 1,000 cikin shekara saba'in, suka ce abin da suka gani tamkar littafin koyar da ɓoye gaskiya ne. Kada a rubuta fyaɗe, a rubuta cuɗanyar da ba ta dace ba. Kada a ba ƙwararru bincike, a ba abokan aikin wanda ake zargi. A tura shi asibitin ƙwaƙwalwa mallakar coci, a karɓi abin da ya faɗa da bakinsa a matsayin shaidar ya warke. Idan an ɗauke shi daga majami'a a ce wa jama'a hutun rashin lafiya ya tafi. Idan unguwa ta gane, a sauya masa gari. Kuma sama da komai, kada a kira 'yan sanda. A cikin limaman nan fiye da 300, biyu kacal aka iya gurfanarwa sakamakon binciken, domin wasu sun mutu, sauran kuma wa'adin da doka ta ba da na shigar da ƙara ya wuce. Ɓoyewar ta yi aikin da aka so ta yi.

Akwai hujjar da ake yawan kawowa, cewa a wancan zamani ba a san wannan cuta ba, likitoci ma sun ɗauka ana warkewa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba ta wanke kowa. Majalisar bishop-bishop da ta zauna a Elvira ta ƙasar Sifen a farkon ƙarni na huɗu ta riga ta yanke hukunci mai tsanani a kan masu lalata da yara maza. A tsakiyar ƙarni na sha ɗaya Peter Damian ya rubuta wa Fafaroma Leo na Tara yana kuka da limamai masu wannan hali da shugabannin da ke kawar da kai. A zamaninmu, Fada Gerald Fitzgerald, wanda ya kafa cibiyar jinyar limamai masu matsala a jihar New Mexico, tun shekarun 1950 yake rubuta wa bishop-bishop cewa kada a mayar da irin waɗannan mutane bakin aiki, har ya yi yunƙurin sayen tsibiri don a killace su. A 1985, lokacin shari'ar Fada Gilbert Gauthe a Louisiana, mutum uku, Fada Thomas Doyle da lauya Ray Mouton da Fada Michael Peterson wanda likitan ƙwaƙwalwa ne, sun rubuta wa bishop-bishop na Amurka doguwar takarda suna gargaɗin cewa abin zai ci cocin dala biliyan guda. Ba a ɗauki shawararsu ba. Ƙiyasin nasu ma ya yi kaɗan: cocin Los Angeles shi kaɗai ya amince da dala miliyan 660 a 2007, ya ƙara da miliyan 880 a 2024. Dayosis da dama sun shiga kotu sun ayyana fatara, farawa da Portland a 2004, abin da masu ƙara ke gani a matsayin hanyar rage diyya da dakatar da shari'un da za su tono takardu.

A kan musabbabi kuwa, kowa yana jan ruwa zuwa gonarsa. Masu son sauyi sun ce haramta wa limamai aure ne. Masu ra'ayin riƙau sun ce 'yan luwaɗi ne suka cika makarantun horar da limamai, suna kafa hujja da cewa kashi 81 cikin ɗari na waɗanda aka cuta a Amurka maza ne. Fafaroma Benedict, bayan ya yi murabus, ya rubuta a 2019 yana ɗora laifin a kan lalacewar tarbiyya ta shekarun 1960. Bincike na biyu na John Jay a 2011 bai sami shaidar cewa rashin aure ko luwaɗi shi ne sababi ba, ya fi karkata ga samun dama, domin yara maza ne ke yi wa Fada hidima a bagadi, su ake tafiya da su zango, su ke kwana a makarantun kwana. Hukumar Ostireliya ta ce rashin aure ba shi ne sababi kai tsaye ba amma yana taimakawa idan ya haɗu da wasu abubuwa, ta kuma ba da shawarar a mayar da shi zaɓi. Ni a ganina duk wannan muhawara tana amsa rabin tambaya ne. Tana iya bayyana abin da ya sa mutum ya aikata. Ba ta bayyana abin da ya sa bishop, wanda bai taɓa yaro ba, ya karanta takardar ya sa hannu a sauyin wurin aiki. A nan Fafaroma Francis ya fi kusa da gaskiya, da ya ambaci cutar a wasiƙarsa ta Agustan 2018 da sunan fifita limamai, wato ɗaukar mai riga a matsayin wani jinsi na daban da ba a tambayarsa, wanda mutuncinsa ya fi hawayen ɗan talaka nauyi.

Ita kanta Fadar Batikan ba 'yar kallo ba ce a labarin. Marcial Maciel, ɗan Meziko da ya kafa ƙungiyar Legion of Christ, mutum ne mai tara kuɗi da cika makarantu da ɗalibai, kuma Fafaroma John Paul na Biyu yana ji da shi. Tsofaffin ɗalibansa sun shigar da ƙara a Roma a 1998, aka ajiye ta shekaru. Sai a 2006, bayan Benedict ya hau, aka umarce shi ya koma gefe ya yi addu'a da tuba, ba tare da shari'a ba, ya mutu a 2008 yana limami. A 2019 ƙungiyarsa da kanta ta amsa cewa ya lalata yara aƙalla 60. Theodore McCarrick kuwa an naɗa shi akbishop na Washington a 2000 duk da gargaɗin da ya isa Roma game da halinsa da ɗaliban limanci, saboda ya rubuta ya musanta kuma an yarda da shi. Wannan ba zargin abokan gaba ba ne, rahoton da Batikan ta fitar da kanta a Nuwamban 2020 ne ya faɗa. An tuɓe McCarrick daga limanci a Fabrairun 2019, kadinal na farko da irin wannan laifi ya kai ga haka. Benedict shi ma bai fita ba: binciken da wani kamfanin lauyoyi ya yi wa cocin Munich a 2022 ya same shi da sakaci a shari'u huɗu lokacin da yake akbishop a can daga 1977 zuwa 1982. Ya nemi gafara a kan abin da ya faru a zamaninsa, amma bai amsa cewa shi ya yi laifi ba.

Labarin Chile ya fi kowanne nuna yadda sauyi yake zuwa. A Janairun 2018 Francis ya kai ziyara can, 'yan jarida suka tambaye shi game da Bishop Juan Barros, wanda ake zargi da cewa ya ga abin da ubangidansa Fada Fernando Karadima ke yi ya yi shiru. Fafaroma ya ce babu hujja ko ɗaya, ƙazafi ne. Duniya ta yi caa, har Kadinal Seán O'Malley, shugaban kwamitin da Francis ya kafa a 2014 don kare yara, ya fito ya ce kalaman sun yi wa waɗanda aka cuta ciwo. Francis ya tura Akbishop Charles Scicluna ya bincika, ya dawo da rahoto mai shafi 2,300. A watan Afrilu Fafaroma ya rubuta cewa ya tafka manyan kurakurai, ya gayyaci mutanen da ya ƙaryata zuwa masaukinsa ya nemi gafararsu, a watan Mayu kuma dukan bishop-bishop na Chile suka miƙa takardar murabus. Na yaba masa da wannan, domin ba kowane babba ne ke iya cewa na yi kuskure a bainar jama'a ba. Amma a duba jerin abin: sai da waɗanda aka cuta suka shekara da shekaru suna ihu, sai da 'yan jarida suka matsa, sannan aka motsa. Haka aka yi a Boston, haka a Dublin. Da wuya a nuna wuri guda da shugabanni suka buɗe ma'ajiyar sirri tun ba a ƙwanƙwasa musu ƙofa ba.

Duk da haka rashin adalci ne a ce ba a yi komai ba. A 2001 aka wajabta tura irin waɗannan shari'u zuwa ofishin kula da aƙida a Roma, wanda Kadinal Ratzinger yake shugabanta kafin ya zama Benedict. Batikan ta shaida wa wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2014 cewa cikin shekara goma ta tuɓe limamai 848, ta yi wa 2,572 hukunci mai sauƙi. Bishop-bishop na Amurka sun amince a Dallas a Yunin 2002 cewa laifi ɗaya da aka tabbatar ya isa a raba limami da aiki har abada, aka kuma fara binciken tarihin ma'aikata da horar da su, kuma alƙaluma sun nuna yawancin laifuffukan da aka sani a can sun faru ne daga shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1980. A Fabrairun 2019 Francis ya tara shugabannin bishop-bishop na duniya a Roma. A Mayu ya fitar da doka mai suna Vos estis lux mundi, wato ku ne hasken duniya, wadda ta wajabta wa kowane limami da sista kai rahoto ga hukumomin coci, ta kuma tsara yadda za a binciki bishop. A Disamba ya cire irin waɗannan shari'u daga ƙarƙashin sirrin Fafaroma. A 2021 aka sake rubuta sashen hukunci na dokar coci, aka ɗauke lalata da yara daga babin saɓa alƙawarin rashin aure aka mayar da shi babin laifi a kan rai da mutuncin ɗan Adam. Wannan sauyin wuri ba ƙaramin abu ba ne. Kafin nan, a idon doka, abin da aka keta alƙawarin limamin ne, ba yaron ba.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Dokar 2019 ta ba babban akbishop na yanki aikin binciken bishop ɗan'uwansa, wato har yanzu gida ne ke binciken gida, kuma ba kasafai ake sanar da jama'a sakamakon ba. Bishop ya yi murabus, a ce Fafaroma ya karɓa, shi ke nan. Babu dokar da ta wajabta wa dukan coci kai rahoto ga 'yan sanda, sai dai a bi dokar ƙasa inda take akwai. Hujjar Batikan ita ce a wasu ƙasashe Kiristoci tsiraru ne da gwamnati ke nema da sharri, kuma hujja ce da ba za a yi watsi da ita ba, sai dai tana barin ƙofa a buɗe a ƙasashen da babu wannan barazana. Akwai kuma sirrin ikirari, inda mai zunubi ke faɗa wa limami laifinsa: wasu jihohin Ostireliya sun kafa dokar da ta tilasta fallasa abin da aka ji a can idan ya shafi yara, cocin ya ce ba zai taɓa karya wannan hatimi ba. Marie Collins, 'yar Ailan da wani limami ya lalata tana da shekara 13 a gadon asibiti, ta fice daga kwamitin kare yara na Fafaroma a 2017 saboda turjiyar jami'an Batikan, har da ƙin amsa wasiƙun waɗanda aka cuta. Fada Hans Zollner, wanda ya fi kowa sanin fannin a cikinsu, shi ma ya fice a 2023. Wannan ne gadon da Fafaroma Leo na Sha Huɗu ya tarar a Mayun 2025.

Ba kowane zargi ne gaskiya ba. Mutumin da ya zargi Kadinal Joseph Bernardin na Chicago a 1993 ya janye da kansa bayan 'yan watanni. Kadinal George Pell ya yi fiye da shekara a kurkukun Ostireliya kafin alƙalai bakwai na kotun ƙoli su wanke shi baki ɗaya a Afrilun 2020. Mafi yawan limamai ba su taɓa cutar da yaro ba, kuma yau suna tafiya da kunyar laifin da ba nasu ba. Waɗanda suka fi jin zafin abin Katolika ne, domin 'ya'yansu ne aka lalata, kuma su ne suka tono shi. A Jamus fiye da mutum 522,000 suka fita daga cocin a hukumance a 2022 kawai.

Na san akwai mai karanta wannan a Kano ko Zinder yana jin kamar an ba shi sanda ya doki maƙwabcinsa Kirista. Ina roƙonsa ya ajiye sandar. Cocin Southern Baptist na ƙasar Amurka, wanda fastocinsa ke aure, an bankaɗo irin wannan rufa-rufa a cikinsa a 2022. Shugaban cocin Ingila, Justin Welby, ya yi murabus a Nuwamban 2024 saboda yadda aka bi da batun wani lauya mai suna John Smyth, wanda aka bari ya koma Zimbabwe ya ci gaba da azabtar da yara. A nan gida, a Satumban 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane, ciki har da yara, daga wani gidan horo a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, wasu suna ba da labarin lalata. Wa bai san yadda ake kashe maganar fyaɗe a unguwa ba, a tara dattawa, a ce a yi haƙuri a rufa wa juna asiri, kada yarinya ta rasa mijin aure, kada a ɓata sunan malam?

A taron Roma na 2019, ɗaya daga cikin muryoyin da suka fi ratsa zauren ta 'yar Nijeriya ce, Sista Veronica Openibo. Ta tsaya kusa da Fafaroma, gaban kadinal-kadinal da bishop-bishop, ta tambaye su dalilin da ya sa suka daɗe suna shiru. Ta kuma ƙi yarda da masu cewa wannan matsalar Turawa ce da ba ta shafi Afirka da Asiya ba, ta kawo misalan abin da ta ji da kunnenta a shekarun da ta yi tana aiki a Nijeriya. A shekarar ce kuma tashar CNN ta gano cewa wani limami ɗan Beljiyam, Luk Delft, wanda kotun ƙasarsa ta samu da laifin lalata da yara a 2012 ta kuma hana shi mu'amala da yara, ƙungiyarsa ta tura shi Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, inda har ya shugabanci Caritas, hukumar agajin cocin, a ƙasar da yaƙi ya cika da marayu.

Afirka ce nahiyar da cocin ya fi saurin bunƙasa a yau, kuma babu wata ƙasa a cikinta da aka yi bincike mai zurfi irin na Ostireliya ko Faransa. Hukumar Ostireliya ta gano cewa a cikin mutum 4,444 da suka kai ƙorafi ga cocin, matsakaicin shekarun yaro lokacin da aka fara cutar da shi bai kai sha biyu ba, kuma matsakaicin lokacin da ya ɗauka kafin ya kai ƙorafi shekara 33 ne. Da wannan lissafi, yaron da aka taɓa a shekarar 2000 ba zai buɗe baki ba sai wajen 2033.